Model ɗin Ƙasar Ƙanƙara

Ana kiran assalatu a masallacin unguwarmu muka fito da mota, ni da ɗiyata ta fari, muka bar Maraɗi tana barci. Motar tawa kun san ta, tsohuwa ce, sai an lallashe ta take tashi, amma ranar kamar ta ji gida za mu, bugu ɗaya ta amsa. Ƙauyenmu muka nufa, can gefen Urafane, wajen Inna mahaifiyata, don bikin godiyar kaka da ake yi a majami'armu duk shekara in hatsi ya shiga rumbu. A bayan mota akwai buhun shinkafa da jarkar mai da sabulu. A kujerar gefena kuma akwai yarinyar da ta gama karatun duniya, amma ta kwana ba ta runtsa ba don tsoron almakashi.

Bari in faɗa muku asalin maganar. Ɗiyar tawa ilimin yanayi ta karanta, tana aiki a wata ƙasa mai sanyi can arewa, hutu ta zo. Akwai abin da suke kira model a wajen aikinsu. Lissafi ne ake loda wa ordinater, wato kwamfuta, ta kwaikwayi iskar duniya da zafinta da danshinta da gajimarenta, don a hango yadda yanayi zai zama nan gaba. Ita aikinta ta ɗauki abin da lissafin ya faɗa a kan ƙarshen duniya biyu, na arewa da na kudu, inda ƙanƙara ta yi gida, ta gwada shi da abin da aka auna a can da gaske, ta ga inda aka dace da inda aka kauce. To ku 'yan ƙasar nan kun san abin da model yake nufi a bakin matanmu: salon ɗinki, wanda ake nuna wa tela a hoto. Wata rana Inna ta tambaye ta a waya aikin me take yi, ga rezo, wato layin waya, yana yankewa, yarinya ta ce, "Model nake yi, Kaka." Kafin Lahadi ta zagayo, duk majami'a ta ji jikar Inna babbar tela ce a ƙasar Turawa.

Da abin ya tsaya nan, dariya kawai za mu sha. Sai ƙanwata ta kira ni ta ce Inna ta ciro atamfar. Ban tambayi wace atamfa ba, guda ɗaya ce. Babanmu ya saye ta a kasuwar Urafane a kakar ƙarshe mai albarka kafin babban fari na zamanin mulkin soja na farko. Damina ta gaba hadari ya yi ta tasowa yana bajewa, hatsi ya bushe a tsaye. Baba ya bi maza suka yi kudu neman abinci, ya ce wa Inna ta ajiye turmin, in ya dawo za a ɗinka mata na Kirsimeti. Aka rufe iyaka a bayansu. Sauran mazan suka dawo ɗai-ɗai, shi ko labarinsa ba mu ƙara ji ba. A farin nan Inna ta sayar da awakinta da kwanukan aurenta da tabarmar ɗakinta, amma turmin nan bai je kasuwa ba, bai kuma je wajen tela ba. Yanzu ga shi ta ce jikarta ce za ta ɗinka mata, da shi za ta shiga majami'a ranar godiya. Jikar kuwa ko maɓalli ya cire a rigarta, uwarta take kai wa.

A Cadawa na bar babban titi na yi arewa. Hanyar Agye da Gazawa ta fi sauƙi, na sani, amma ina so ta ga Mayahi, kuma tsoho in ya riƙe sitiyari ba a gardama da shi. Yanzu ma da soja ke riƙe da ƙasa, shingaye sun yawaita, sai ka ajiye kat dantite, katin shaidar ɗan ƙasa, kusa da hannu. A shingen farko jandarma ya haska takardunta ya tambaye ta sana'a. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu: ta ce masa meteyo, wato aikin duba yanayi, ba ta ko kusanci waccan kalmar ba. Ya miƙo mata takardun yana cewa to madam, baɗi za a yi ruwa? Ta ce ita wajen ƙanƙara aka sa ta. Ya dube ni da tausayi, kamar mai cewa kuɗin makaranta sun tafi a banza.

Gari ya waye mana a garin da ake kira Sarkin Hausa. Muka tsaya wajen wata mai ƙosai, muka sha kunu da zafinsa, ƙosan kuwa sun ƙanƙance tun zuwana na ƙarshe, kuɗinsu ne kawai ya yi ƙiba. Muna tsaye ta taɓa ni ta nuna mini gefen gari. Hayaƙin murhunan safe bai tashi sama ba, ya kai kamar tsayin bishiya sai ya kwanta ya miƙe a kan gidaje. Ni tun ina yaro nake ganin haka in sanyi ya fara shigowa, ban taɓa tambayar dalili ba. Ta ce ƙasa ce ta huce cikin dare, iskar da ke manne da ita ta yi sanyi ta yi nauyi, mai ɗumi tana bisa, shi ya sa hayaƙi ya rasa hanya. A nan rana na ɗagawa za ta warware shi. A can ƙarshen duniya kuwa, inda rana ke ɓacewa wata da watanni, haka iska ke zama a kife tsawon lokacin sanyi, kuma fallen iskar mai sanyi siriri ne ƙwarai, lissafi da yawa ba ya kama shi daidai, sai ya gauraya shi da na sama, zafin da zai faɗa ya kauce wa gaskiya. Na koyar da jografi a lakwal, wato makarantar boko, har na yi furfura, amma ranar na ji daɗin zama ɗalibi, ga ƙosai a hannu.

Daga nan muka miƙa zuwa Mayahi. Ina ta kallon itatuwan gawo. A shekarun farin, wannan hanya fayau take, ka hango raƙumi tun yana kamar ƙuda. Yanzu gonaki sun cika da gawo da kalgo da manoma suka bar tsironsu ya girma, ga dammunan hatsi a jingine, ga harawa a kan rassa an ɗora don kada awaki su kai. Na ji daɗi, sai dai Baba, wanda ya fi kowa son ganin haka, bai gani ba. A Mayahi na yi kolej, ina zaune gidan wani dangin Inna. Na nuna mata filin da muke yin layi da kwano, sojoji suna raba jar dawar taimako, wadda tuwonta ke fitowa kamar an kwaɓa da jan ƙasa. Muna ƙorafi muna cinyewa har da suɗe hannu. Yanzu masu gyaran moto ne suka cika wurin, babu wanda ya san an taɓa kuka a nan.

A filin ne na yi mata tambayar da ta daɗe tana cina. Na ce mu da rana ke gasawa, ina ruwanmu da gajimaren ƙasar da ko kaza ba a kiwo? Ta ce iskar duniya ɗaya ce. Sanyin gefe da zafin tsakiya su ke tura ta. In rabin duniya na arewa ya huce fiye da na kudu, damina kan ja baya ta yi kudu ta bar mu, kuma masana da yawa suna ganin irin haka na da hannu a farin da nake ba ta labari. In lissafi ya yi kuskure a kan zafin ƙarshen duniya, kuskuren yana iya gangarowa har kan hasashen daminarmu. Ba ta ce mini sun gano komai ba. Ta ce wuraren awo a can kaɗan ne, sai 'yan tashoshi da balan-balan da ake saki sama da na'ura, da tauraron ɗan'adam da ke wahalar bambanta farin gajimare da farar ƙanƙara. Har danshi ma a kife yake zuwa, sau da yawa sama ta fi ƙasa laima, don iska ce ke ɗauko ta daga teku mai nisa ta wuce da ita ta bisa.

Hanyar Mayahi zuwa Tasawa ta gwada mana haƙuri, ni da motar. Mun isa rana ta take, muka sha esansi, wato man mota, na kwalba a bakin tasha, mai sayarwa yana rantsuwa da tsadar da wahalar iyaka ta jawo, muka ci dambun zogale da ƙuli a wata rumfa. Daura da mu akwai shagon tela, keke yana ta ƙara, hotunan model sun cika bango. Ɗiyata ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, Baba, in na auna Kaka, gobe mu kawo turmin nan a ɓoye fa? Na ce mota tana nan, mai yana nan, ban ƙara komai ba. Ta gama cin dambunta, ta shiga shagon, na ce shi ke nan an ƙulla. Sai ga ta ta fito da zare da allura da tef na awo kawai. Ta ce ita da ake biyanta don ta faɗi inda ba daidai ba, ba za ta fara ƙarya a kan kakarta ba. Na yi murna, amma na tuna Inna ta riga ta gaya wa duniya.

Daga Tasawa muka yi arewa cikin rairayi, muna kauce wa amalanken jakai masu ɗauke da hatsi da wake. La'asar ta yi muka shiga gida. Inna ta ƙanƙance, idonta ya yi hazo, amma muryar tana nan. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, Mushe take ce mini kamar yadda kowa ke kiran malamin lakwal da Faransanci, ta amsa gaisuwata tana kallon gefe. Jikar kuwa ta rungume ta tana taɓa fuskarta.

"Ƙawata, haka sanyi ya tsotse ki? Ba su ba ku tuwo can?"

Aka kawo fura da nonon maƙwabciyarmu Bafulatana, wadda iyalinta suke sauka bayan gonarmu tun ina yaro. A farin nan shanunsu sun ƙare saura saniya guda, kuma abin da ta tatsa ita da Inna suke rabawa, su da salla mu da Lahadi, ba wanda ya taɓa tambayar wani. Ita ma ta tsufa, ta zo da sanda don ta ga telar Turawa.

Ba a ko gama shan furar ba Inna ta sa aka jawo kwalla daga ƙarƙashin gado. Ƙamshin jema da kanumfari ya cika ɗakin. Shuɗiya ce mai zanen ganye ruwan ɗorawa, ban manta ba, sai dai bakin ninkin ya koɗe ya yi fari. Rabona da ganinta tun ranar da Baba ya shigo da ita a hammata yana fito.

Yarinya ta durƙusa ta ce, "Kaka, ni ba tela ba ce. Ban iya ɗinki ba ko kaɗan."

Bafulatana ta sunkuyar da kai. Inna ta ce, "To model ɗin mi kike yi duk shekarun ga?"

"Ki ɗauka duniya mutum ce, Kaka, aka ɗinka mata riga da lissafi. Tsakiyar rigar ta zauna gwargwado. Wuya da gindin rigar ne ba su zauna ba. Ni nake gwadawa in ce ga inda ya yi yawa, ga inda ya matse."

"Su masu ɗinkin ba su jin haushinki?"

"Suna ji. Amma suna gyarawa."

"Can ɗin mi ake shukawa?"

"Ba a shuka komai. Gajimare nake kallo. Akwai wani iri, sanyi ya kai na daskarewa har ya wuce, amma ruwan cikinsa bai daskare ba, yana nan riƙe da shi kwana da kwanaki. Lissafinmu sai ya maida shi ƙanƙara da wuri, ya zubar, gajimaren ya watse. Alhali shi ne bargon ƙasar a cikin dogon darensu. In ka cire shi, sai ka faɗi sanyin da ya fi na gaskiya."

Inna ta shafa atamfar. Ta ce, "Gajimare mai riƙe ruwa shi ƙi saki. Wannan kam mun san shi. Shekarar da kakanki ya tahi, kullum sai gajimaren ya zo ya tsaya bisa garin ga, mu hito da ƙwarya, shi wuce." Ta juya wajen ƙanwata. "Tahi gidan fasto ki ce ma matarshi gobe ta zo da kekenta da almakashi."

Yarinya ta ce cikin sauri, ai matar fasto ta iya, ita ta yanka ta ɗinka.

"Ta ɗinka, na yarda. Yanka kuwa ke za ki yi. Jinin kakanki za ya yanka abinshi. In ya karkace, hannunki ne ya karkata shi, ba na wani ba."

Washegari da hantsi matar fasto ta zo da keke a ka. Na ga ɗiyata ta auna kakarta, ta sake aunawa, ta kuma aunawa, har tsohuwa ta ce ko rijiya za a gina ai an gama. Aka shimfiɗa turmin a tabarma, matar fasto ta ja layi da gawayi tana kauce wa bakin ninkin da ya yi rauni. Da na ga an miƙa wa yarinya almakashi, sai na kasa kallo. Na fita na tafi bayan gona wajen Fulani, na zauna muna maganar tsadar dusa da ciwon ƙafar shanu, ba na jin rabin abin da ake faɗa. Ban dawo ba sai da na ji ƙarar keke.

Riga da zane da kallabi aka fitar. Kalmasar bakin zanen yarinya ta yi da hannu, ta yini a kai, ta soke yatsa ba adadi, ɗinkin ya tafi kamar sawun tururuwa. Wuyan rigar ya yi faɗi, sai da aka kama shi da fil ta baya. Ranar Lahadi majami'armu ta cika, ƙarama ce mai rufin kwano, an jera dammunan hatsi da ƙwaryar wake da gyaɗa da kabewa a gaban bagade, har da zakara ɗaya da ya ƙi yin shiru lokacin wa'azi. Inna ta shigo a hankali, dafe da kafaɗar jikarta, cikin shuɗin nan. Mata suka yi ta leƙe. Da zumuntar mata suka tashi waƙa da tulu da kacau-kacau, sai ga Inna ta miƙe ta yi taku biyu uku na rawa, abin da rabona da gani tun ina gajeren wando. Na yi kuka, ban ɓoye ba, mutumin da ke gefena ya ɗauka wa'azin ne ya kama ni.

Bayan an tashi, mata suka kewaye ta suna taɓa wuyan rigar. Wata ta ce ashe haka ake yayi can, faɗin wuya. Inna ta ce, "Yankan ƙawata ne." Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Na ji an ce tuni mutum biyu sun je wajen matar fasto suna son irinsa.

Litinin da safe muka kamo hanya, an cika mana bayan mota da hatsi da wake da kwalbar man shanu daga Bafulatana. Wannan karon ta babban titi na biyo, Tasawa, Gazawa, Agye, don motar ta ce ta gaji da ra'ayina. Ina tuƙi ina lissafin abin da na samo. Na fita ina ganin aikin ɗiyata wani abu ne na Turawa da bai shafi mai gona ba, na dawo na san gajimaren can da rumbun nan igiya ɗaya ta ɗaure su, ko da masu awon ba su gama gano tsawonta ba. Na kuma ga cewa mai faɗin "nan ban dace ba" ya fi mai rantsuwa amfani, ko a ordinater ko a ɗakin tsohuwa. Ɗiyata kuwa tun Tasawa ba ta ce uffan ba, na ɗauka gajiya ce.

Mun shigo Maraɗi da la'asar. Na tsaya a ƙofar gida na kashe mota, zan buɗe ƙofa ta riƙe hannuna.

"Baba, da ka fita ranar nan, ba ka ji abin da Kaka ta ce ba."

Na ce me ta ce.

"Ina sa almakashi, tana jin ƙarar yankan farko, sai ta ce a hankali, 'To. Yanzu kam ba shi dawowa.' Sannan ta ce in ci gaba."

Shekara da shekaru ina zaton ajiya Inna take yi, ashe jira take. Uwar yarinyar ta fito tana yi mana sannu da zuwa, tana tambayar me ya hana mu fitowa. Na ce ta ba mu minti kaɗan, muka zauna a motar ni da ɗiyata, muka yi wa mahaifina makokin da ba a taɓa yi masa ba.